Tazio Nuvolari

Tazio Giorgio Nuvolari (an haife shi ranar 16 ga Nuwamba, 1892, ya mutu ranar 11 ga Agusta, 1953) ɗan ƙasar Italiya ne da ya shahara a tseren babura da na motoci. Ya shafe shekara talatin yana tsere, daga 1920 zuwa 1950. Shi ne zakaran Turai a tseren babura masu injin cc 350 a shekarar 1925, kuma zakaran Turai a tseren motoci a shekarar 1932. Ya ci gasar Mille Miglia sau biyu, gasar Targa Florio sau biyu, da gasar awa 24 ta Le Mans sau ɗaya. An ƙiyasta cewa ya ci gasanni kusan 150, manya da ƙanana. Mutanen ƙasarsa suna kiransa Nivola, wasu kuma suna masa laƙabi da Il Mantovano Volante, wato mutumin Mantova mai tashi sama.

An fi tuna Nuvolari da nasarorin da ya samu da motocin da ba su kai na abokan takararsa ƙarfi ba. Mafi shahara ita ce ta 1935 a Jamus, inda ya doke motocin Jamusawa tara da tsohuwar Alfa Romeo P3. Tarihinsa ya haɗu da na manyan motocin Italiya na zamaninsa, irin su Alfa Romeo 6C 1750 da 8C 2300, Maserati 8CM, Cisitalia 202 da Ferrari 166.

Farkon rayuwa

An haifi Nuvolari a Castel d'Ario, wani ƙaramin gari kusa da birnin Mantova a yankin Lombardiya da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa Arturo Nuvolari manomi ne mai rufin asiri, sunan mahaifiyarsa Elisa Zorzi. Gidansu gidan tseren keke ne. Mahaifinsa ya taɓa yi, baffansa Giuseppe kuwa ya zama zakaran Italiya a wannan wasa fiye da sau ɗaya, kuma shi ne Tazio ya tashi yana koyi da shi.

Ya sami lasisin tseren babur a shekarar 1915, amma a shekarar ce Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. An ɗauke shi soja, ya yi aikin direba har yaƙin ya ƙare. A 1917 ya auri Carolina Perina, suka haifi 'ya'ya biyu maza, Giorgio a 1918 da Alberto a 1928. Saboda yaƙin, bai shiga tserensa na farko ba sai a 1920 a garin Cremona, yana da shekara 27, shekarun da wasu direbobi sun riga sun yi suna.

Zamanin babura

Ko da yake ya fara gwada tseren mota tun 1921, a kan babur ya fara yin suna. Ya shiga kamfanin Bianchi na birnin Milan, yana hawa babur ɗinsu mai injin cc 350 da ake kira Freccia Celeste, wato shuɗiyar kibiya. Da shi ya ci gasar Gran Premio delle Nazioni ta Monza sau huɗu a jere, daga 1925 zuwa 1928, da gasar Circuito del Lario, wadda ake yi a hanyoyin duwatsu kusa da tafkin Como, sau biyar a jere, daga 1925 zuwa 1929.

A watan Satumba na 1925 kamfanin Alfa Romeo ya gayyace shi gwajin motarsa ta tsere mai suna P2 a filin Monza. Motar ta kuɓuce masa, ya ji munanan raunuka, aka kwantar da shi a asibiti. Bayan 'yan kwanaki ya koma wannan fili jikinsa a nannaɗe da bandeji, makanikai suka ɗaga shi suka ɗora a kan babur domin ba ya iya hawa da kansa, kuma ya ci tseren ana tafka ruwan sama. Alfa Romeo ba su sake neman sa ba sai bayan wasu shekaru.

Ƙungiyarsa ta Bugatti da hamayya da Varzi

Da ya ga manyan kamfanoni ba su ba shi mota ba, sai ya kafa ƙungiyar tsere ta kansa a Mantova. Ya sayi motoci ƙirar Bugatti Type 35 na Faransa, ya haɗa hannu da wani matashin ɗan tseren babur mai suna Achille Varzi, ɗan gidan masu masaƙa a Galliate. Nuvolari ya ci gasar birnin Rum a 1927, sannan a watan Maris na 1928 ya ci gasar Tarabulus a Libiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Italiya.

Haɗin gwiwar bai daɗe ba. Varzi yana da kuɗin gida, ya janye ya sayi Alfa Romeo P2 tasa, ya riƙa doke tsohon abokinsa. Daga nan hamayyar da ta raba masu son tsere a Italiya gida biyu ta samo asali. Varzi mutum ne mai sanyi da tsafta a tuƙi, ba ya nuna abin da ke ransa. Nuvolari gajere ne siriri, yana tuƙi da dukkan jikinsa, har 'yan kallo kan gan shi yana dukan gefen mota da hannu kamar mai kora doki.

Mille Miglia ta 1930

Mille Miglia na nufin mil dubu. Tsere ne da ake yi a kan titunan jama'a, daga Brescia zuwa Rum a dawo, kimanin kilomita 1,600, dare da rana. Motoci ba sa tashi tare. Ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ne ya ci.

A 1930 Nuvolari da Varzi duk suna tuƙa wa Alfa Romeo, kowannensu da 6C 1750 mai silinda shida wadda injiniya Vittorio Jano ya ƙera, kamfanin Zagato ya yi mata jiki mara nauyi. Nuvolari, tare da makanikinsa Giovanni Battista Guidotti, ya kammala cikin awa 16 da minti 18 da daƙiƙa 59. Shi ne na farko da ya haura matsakaicin gudun kilomita 100 a awa a wannan gasa.

Daga wannan tsere aka sami labarin da ya fi yawo a kansa. An sallami Varzi kafin shi, kuma ana cewa gab da ƙarshe Nuvolari ya kashe fitilun motarsa, ya bi Varzi a baya cikin duhu ba tare da ya sani ba, sai da ya zo daf da shi ya kunna su ya wuce. Marubuta tarihin wasan sun saɓa a kan yadda abin ya faru, wasu na ganin gari ya riga ya fara wayewa a lokacin. A lissafin agogo dai Nuvolari yana gaba tun kafin ya cim masa.

A shekarar ce kuma ya ci gasar Tourist Trophy a Ailan ta Arewa, ya kuma ci tseren hawan tudu na Trieste zuwa Opicina da motar P2, nasara ta farko ga ƙungiyar Scuderia Ferrari wadda Enzo Ferrari ya kafa a Modena a 1929. A ƙarshen 1930 ya bar tseren babur gaba ɗaya.

Alfa Romeo 8C 2300 da P3

A 1931 Jano ya fito da 8C 2300, mai silinda takwas a jere da na'urar cusa iska cikin inji. Mota ce da ake iya shiga tseren titi da ita, ana kuma iya cire mata fitilu da murafun taya a shiga babbar gasa ta Grand Prix. Da ita Nuvolari ya ci Targa Florio a duwatsun tsibirin Sisili a 1931. Shi da Giuseppe Campari suka ci Grand Prix na Italiya na awa goma a Monza, kuma saboda wannan nasara aka raɗa wa gajeren samfurin motar suna Monza.

Shekarar 1932 ita ce mafi albarka a gare shi. Ya ci gasar Monako da Targa Florio da 8C 2300. A watan Yuni Alfa Romeo ta fito da Tipo B, wadda aka fi sani da P3, mota mai kujera ɗaya a tsakiya, injinta lita 2.65, nauyinta kimanin kilo 700. Ranar da aka fara fitar da ita Nuvolari ya ci Grand Prix na Italiya da ita, daga baya ya ci na Faransa a Reims, ya zama zakaran Turai.

A watan Afrilu na wannan shekara marubuci Gabriele D'Annunzio ya karɓe shi a gidansa da ke bakin tafkin Garda, ya ba shi kyautar ɗan ƙaramin kunkuru na zinariya, dabba mafi nawa ga mutum mafi sauri. Nuvolari ya mai da kunkurun tambarinsa. Ya riƙa sanya shi a rigar tserensa ruwan ɗorawa mai ɗauke da haruffan TN, wadda yake haɗawa da shuɗin wando.

Shekarar 1933

Matsalar kuɗi ta sa Alfa Romeo ta janye daga tsere a 1933, shekarar da kamfanin ya koma hannun gwamnati. An miƙa harkar ga Scuderia Ferrari, amma an kulle motocin P3 a masana'anta har zuwa watan Agusta, don haka Nuvolari ya koma kan 8C 2300. Da ita ya ci gasar Tunis, ya ci Mille Miglia karo na biyu tare da makanikinsa Decimo Compagnoni.

A watan Yuni ya shiga gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa tare da Raymond Sommer. Suna gaba sai tankin mai ya fara yoyo, makanikai suka riƙa liƙe ramin da cingam duk lokacin da motar ta tsaya. A zagayen ƙarshe Nuvolari da Luigi Chinetti, wanda shi ma 8C 2300 yake tuƙawa, suka yi ta wuce juna. Nuvolari ya ci da tazarar kimanin mita 400 bayan tafiyar yini da kwana. Wannan ne kawai karon da ya shiga Le Mans. Samfurin 8C 2300 ya ci gasar shekara huɗu a jere, daga 1931 zuwa 1934.

Gasar Tarabulus ta wannan shekara ta bar tabo. Gwamnatin Italiya ta haɗa tseren da cacar ƙasa, inda ake danganta tikitin da aka zaɓa da sunan direba kwanaki kafin tsere. Nuvolari da Varzi da Baconin Borzacchini suka yi yarjejeniya da masu riƙe da tikitin sunayensu cewa za a raba kuɗin duk wanda ya ci a cikinsu. Varzi ya riga Nuvolari da ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Bayan surutun da ya biyo baya, an sauya tsarin yadda ba za a san mai tikitin kowane direba ba sai daf da tashi.

A tsakiyar shekara ya ɓata da Enzo Ferrari, ya koma tuƙa Maserati 8CM. Ya sa aka ƙarfafa ƙashin motar domin tana lanƙwasa a kwana, ya ci Grand Prix na Beljiyam da ita. Ya kuma ci Tourist Trophy karo na biyu da ƙaramar motar Ingila MG K3 Magnette. Ranar 10 ga Satumba, a Monza, direbobi uku suka mutu a yini ɗaya: Campari, Borzacchini wanda amininsa ne, da Stanisław Czaykowski.

A watan Afrilu na 1934 ya yi hatsari a Alessandria ya karye a ƙafa. Bayan kimanin mako biyar ya shiga tseren AVUS a Berlin ƙafar tana cikin ɗori, an gyara masa motar yadda zai taka totur da birki da kulochi da ƙafa ɗaya. Ya zo na biyar.

Grand Prix na Jamus, 1935

Daga 1934 aka kafa dokar cewa motar Grand Prix kada ta wuce kilo 750. Gwamnatin Hitler ta tallafa wa kamfanonin Mercedes-Benz da Auto Union da kuɗi, domin ta ɗauki tsere a matsayin hanyar nuna wa duniya ƙarfin Jamus. Motocinsu masu launin azurfa, waɗanda ake kira Kibiyoyin Azurfa, suka mamaye fagen. Nuvolari ya so shiga Auto Union a 1935, amma Varzi ne ya sami gurbin, don haka ya koma wurin Ferrari.

Ranar 28 ga Yuli, 1935, aka yi Grand Prix na Jamus a Nürburgring, hanya mai tsawon kilomita 22.8 da kwanoni sama da 170 a cikin duwatsun Eifel. Zagaye 22 za a yi, kusan kilomita 500, gaban 'yan kallo da aka ƙiyasta sun kai 300,000 da manyan jami'an gwamnatin Nazi. Mercedes-Benz ta kawo motoci biyar, Auto Union huɗu. Motar Nuvolari P3 ce, ƙirar da ta shekara uku. An faɗaɗa injinta ya haura lita 3, duk da haka motocin Jamus sun fi ta da ƙarfin doki fiye da ɗari.

Hanyar ta jiƙe da ruwan sama, abin da ya rage amfanin ƙarfin inji. Kafin tsakiyar tsere Nuvolari ya kai gaba. Da ya tsaya shan mai sai famfon zuba mai ya lalace, makanikai suka koma ɗura wa motar mai da hannu. Tsayawar ta ci fiye da minti biyu, alhali Manfred von Brauchitsch na Mercedes-Benz bai kai minti ɗaya ba. Nuvolari ya fito yana na shida. Cikin ɗan lokaci ya wuce huɗu daga cikinsu ya koma na biyu, ya riƙa rage tazarar da ke tsakaninsa da von Brauchitsch. Bajamushen ya ƙara wuta domin ya tsere masa, tayoyinsa na baya suka cinye har zare ya bayyana. An shiga zagayen ƙarshe yana gaba da kimanin rabin minti, sai tayarsa ta fashe. Nuvolari ya wuce ya ci, Hans Stuck na Auto Union ya zo na biyu, Rudolf Caracciola na uku, von Brauchitsch ya lallaɓo a na biyar.

Ana ba da labarin cewa masu shirya gasar sun sakankance Bajamushe ne zai ci, har ba su tanadi faifan taken Italiya ba, sai Nuvolari ya ɗauko nasa da yake yawo da shi. Masana tarihin wasan suna lissafa wannan tsere cikin mafi girma da aka taɓa yi.

Motar da aka danganta da wannan nasara ita ce mai lamba 50005. Scuderia Ferrari ta sayar da ita ga masu tsere a Ingila, inda ta ratsa hannun direbobi da dama kafin yaƙi da bayansa. Daga can aka kai ta Niyu Zilan. Les Moore ya ci kofin Lady Wigram da ita a 1951 da 1952, Ron Roycroft kuma ya ci a 1953, shekarar da Nuvolari ya mutu. Motar tana nan har yau a hannun masu adana tsofaffin motoci.

A watan Yuni na 1935 kuma Nuvolari ya tuƙa Alfa Romeo Bimotore, mota mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a babban titin da ya tashi daga Firenze zuwa bakin teku, ya kafa tarihin gudun da ya haura kilomita 320 a awa.

Amurka da Auto Union

A 1936 ya sake doke motocin Jamus a Barcelona da Budapest da Milan da Livorno. A watan Oktoba ya ci Kofin Vanderbilt a kusa da Niyu Yok da Alfa Romeo 12C-36, abin da ya sa sunansa ya kai Amurka, musamman a tsakanin 'yan asalin Italiya mazauna can.

A watan Yuni na 1937 yana cikin jirgin ruwa zai koma kare wannan kofi aka aiko masa da saƙon mutuwar babban ɗansa Giorgio, wanda ciwon zuciya ya kashe yana ɗan shekara 18. A wannan lokaci motocin Alfa Romeo sun riga sun koma baya ƙwarai. A watan Afrilu na 1938, yana gwaji a garin Pau na Faransa, tankin man motarsa ya tsage, wuta ta kama, ya yi tsalle ya fita da ƙuna a jikinsa. Ya bar Alfa Romeo, ya kuma sanar da cewa ya daina tsere.

Hutun bai wuce 'yan watanni ba. Auto Union tana neman wanda zai maye gurbin Bernd Rosemeyer, wanda ya mutu a watan Janairu na 1938 yana ƙoƙarin kafa tarihin gudu. Motarsu mai inji a bayan direba ce, kuma direbobi da yawa sun kasa sabawa da ita. Nuvolari yana da shekara 45 ya koye ta, ya ci Grand Prix na Italiya a Monza da na Donington a Ingila, duk da ya buge barewa a lokacin gwaji ya ji ciwo a haƙarƙari. Nasararsa ta ƙarshe kafin yaƙi ita ce ta Belgrade ranar 3 ga Satumba, 1939, ranar da Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi a kan Jamus.

Bayan yaƙi

A watan Afrilu na 1946 ɗansa na biyu Alberto ya mutu da ciwon ƙoda, shi ma yana kimanin shekara 18. Bayan 'yan makonni Nuvolari ya koma tsere. Yana da shekara 53, huhunsa kuma ya lalace, hayaƙin man tsere yana tayar masa da tari har da jini, wani lokaci yakan ɗaure baki da hanci da ƙyalle yana tuƙi. A watan Yuli ya ci gasar Albi a Faransa da Maserati 4CL. A watan Satumba, a Torino, sitiyarin ƙaramar motarsa Cisitalia D46 ya cire, ya iso wurin makanikai yana ɗaga shi da hannu ɗaya yana juya motar da abin da ya rage.

A Mille Miglia ta 1947 ya tuƙa Cisitalia 202 mara rufi, wadda kamfanin Piero Dusio na Torino ya ƙera a kan injin Fiat mai cc 1,100. Babban abokin takararsa Clemente Biondetti yana cikin Alfa Romeo 8C 2900B mai rufi, injinta ya fi nata girma kusan ninki uku. A hanyoyin duwatsu Nuvolari ya shige gaba. Daga baya aka kece da ruwa, ya shiga wayoyin wutar injin, ya ɓata lokaci yana gyara, sannan a miƙaƙƙen titin ƙarshe babbar motar ta nuna ƙarfinta. Ya zo na biyu da tazarar kimanin minti 16, a jiƙe sharkaf, sai da aka taimaka masa ya fito daga motar. Daga nan kamfanin ya sa wa wannan samfuri suna Spider Nuvolari.

A 1948 yana jinya a bakin tafkin Garda, Enzo Ferrari ya ba shi Ferrari 166 mai silinda goma sha biyu daf da ranar tashi. Ya shiga ba tare da gwajin hanya ba, tare da makaniki Sergio Scapinelli. Motar ta riƙa zubewa a hanya: murfin inji ya tafi, murfin taya ɗaya ya tafi, kujera ta kwance. Duk da haka ya isa Bologna yana gaba da kusan rabin awa. Kusa da Reggio Emilia maƙalin sifirin na baya ya karye, dole ya tsaya. Biondetti ya sake ci, wannan karon da Ferrari. Bayan wata biyu Varzi ya mutu a gwajin Grand Prix na Suwizalan a Bern.

Tserensa na ƙarshe shi ne hawan tudun Monte Pellegrino a Palermo ranar 10 ga Afrilu, 1950, da Cisitalia-Abarth 204A. Ya zo na ɗaya a rukuninsa, na biyar a jimla. Bai taɓa sanar da yin ritaya ba bayan wannan.

Salon tuƙinsa

Motocin wancan zamani suna da siraran tayoyi da raunin birki. Maimakon ya rage gudu sosai kafin kwana, Nuvolari yakan karkata motar tun da wuri, ya bar tayoyin huɗu su zame tare, ya taka totur, hancin motar yana kallon cikin kwanar har ta fita. Enzo Ferrari, wanda ya taɓa zama a gefensa lokacin gwaji, ya rubuta cewa Nuvolari ne ya ƙirƙiro wannan dabara. Ferdinand Porsche, wanda ya tsara motar Auto Union, ya ɗauke shi a matsayin direban da babu kamarsa a kowane zamani.

Mutuwa

A 1952 ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ciwon ya sake bugunsa, ya mutu a gidansa da ke Mantova ranar 11 ga Agusta, 1953, yana da shekara 60. An yi jana'izarsa a cocin Sant'Andrea, dubban mutane suka halarta. An ɗora akwatin gawar a kan ƙashin mota, direbobi Alberto Ascari da Luigi Villoresi da Juan Manuel Fangio suna cikin masu tura shi. An binne shi da kayan tserensa a maƙabartar Angeli da ke gefen birnin, inda aka binne 'ya'yansa biyu.

Abubuwan tunawa

Daga 1954 masu shirya Mille Miglia suka karkata hanyar ta ratsa Mantova, suka kafa kyautar Gran Premio Nuvolari ga direban da ya fi sauri tsakanin Cremona da Mantova da Brescia. An daina tseren bayan 1957, sakamakon hatsarin Alfonso de Portago a Guidizzolo, cikin lardin Mantova, wanda ya kashe shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara. Tun 1991 aka farfaɗo da sunan Gran Premio Nuvolari a matsayin gangamin tsofaffin motoci da ake yi duk shekara.

Akwai gidan tarihi mai sunansa a Mantova, inda aka ajiye kofunansa da kayan tserensa da hotunansa. Mawaƙi Lucio Dalla ya yi masa waƙa a kundinsa Automobili na 1976. A 2003 kamfanin Audi, magajin Auto Union, ya nuna wata motar gwaji mai suna Nuvolari quattro domin cika shekara 50 da mutuwarsa.